Gwanayen Sanin Lokacin Darɓa a Gonakin Kusbara na Indiya

A kudu maso gabashin jihar Rajastan ta ƙasar Indiya akwai wani yanki da ake kira Hadoti, wanda ya haɗa gundumomin Kota da Baran da Bundi da Jalawar. Ƙasarsa baƙa ce mai laka, irin wadda mutanen Borno ke kira firgi, tana shan ruwan damina ta riƙe shi har tsakiyar sanyi, kogin Cambal kuma ya ratsa ta. Idan aka kwashe waken suya a watan Oktoba, sai manoman wurin su shiga noman lokacin sanyi: alkama, mastad, tafarnuwa, da kusbara, wadda wasunmu ke kira koriyanda, su kuma suke ce mata daniya. Indiya ce ke kan gaba a duniya wajen noman 'ya'yan kusbara, kuma mafi yawansu daga jihohi uku suke fitowa, wato Madiya Paradesh da Gujarat da Rajastan. Kasuwar garin Ramganj Mandi da ke gundumar Kota tana cikin manyan kasuwannin kusbara na nahiyar Asiya baki ɗaya.

Abin da ya fi burge ni game da manoman wannan yanki wata gwaninta ce da ba a rataya ta a kafaɗa kamar fartanya, ba a kuma sayar da ita a shagon maganin feshi. Ƙwararren manomin kusbara ya san kalandar ƙwarin gonarsa. Ya san wanda zai fara zuwa, da makon da zai yi yawa, da wanda zai biyo bayansa ya cinye shi, da ranar da zafi zai kore su duka. Da wannan sani yake yanke kowace shawara, tun daga ranar shuka har ranar ɗaure bakin buhu. A ganina wannan ilmi ne sosai, kuma ya cancanci a tsaya a ga yadda yake aiki.

Aikin yana farawa tun ba a ga ƙwaro ko ɗaya ba. Tun ran gini tun ran zane, kuma a noman kusbara ranar shuka ita ce ranar zanen. Manomin yana da ƙofa ƙunƙuntacciya da zai bi. In ya yi gaggawa ya shuka tun ƙasa na da zafin ƙarshen damina, iri ba zai tsira da kyau ba, domin kusbara mai jinkirin tsiro ce, takan ɗauki kwana 10 zuwa 15 ko fiye, kuma ƙasa mai sanyi-sanyi take so. Bayan haka shukar wuri takan buɗe fure a ƙarshen Disamba ko farkon Janairu, daidai lokacin da sanyin dare ke tsananta har raɓa ta daskare a kan ganye, abin da suke kira pala, kuma fure da ɗanyun 'ya'ya su ne suka fi kasa jure masa. In kuwa ya yi nawa ya kai Disamba bai shuka ba, furensa zai buɗe ne a tsakiyar rundunar darɓa, sannan zafin Maris ya riski 'ya'yan tun ba su cika ba. Saboda haka shawarar malaman gona a can takan tsaya tsakanin ƙarshen Oktoba da tsakiyar Nuwamba ga mai ban ruwa, mai dogara da laimar ƙasa kuwa ya ɗan rigaye shi. Amma takarda makonni take bayarwa. Zaɓen rana a cikinsu aikin manomi ne, gwargwadon yadda damina ta ƙare a shekarar da kuma yadda ya ji ƙasar a hannunsa. Shi ne zai murza irin ya raba kowace ƙwaya gida biyu, don kowane ɓari iri ne mai zaman kansa, ya zuba shi a layi.

Makonnin farko ba su da dogon labari. Gara takan taɓa saiwa a busasshen wuri. Akwai wata tsutsa da ke ɓuya cikin ƙasa da rana, ta fito da dare ta yanke tsiro daga gindi. Manomi yakan gane ta da safe idan ya ga ƙananan tsirrai a kwance, ya tona kusa da su da yatsa ya same ta a naɗe. Farin ƙuda da wasu ƙananan masu tsotso sukan leƙo tun da sauran ɗumi, sanyin Disamba ya danne su. Duk wannan sharar fage ce.

Babbar baƙuwar ita ce darɓa, wadda mutanen Rajastan ke kira moyla, a Hindi kuma mahu. Manomin Hausa ba baƙon danginta ba ne: ya san ta a dawa, ya san ta a wake, kuma tsofaffi ba su manta 1975 ba, shekarar da wata darɓa ta yaɗa cutar kuturtar gyaɗa a arewacin Nijeriya ta lalata gonaki masu ɗimbin yawa. Ta kusbara dai jinsinta daban, masana na kiran ta Hyadaphis coriandri. Launinta kore ne mai ɗan rawaya, jikinta da ɗan fari-fari, tsawonta bai wuce milimita 2 ba. Tana rayuwa a kan kusbara da danginta, irin su karas da sauran kayan yajin da furensu ke buɗewa kamar laima. Bakinta siririn tsinke ne da take sokawa cikin jijiyar shuka ta sha ruwan abincin da ya kamata ya tafi ga 'ya'ya. Ganye bai dame ta sosai ba. Ɗanyen toho da laimar fure take nema, domin nan ne abinci ya fi taruwa.

Guda ɗaya ba ta isa komai ba. Amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma hanyar da darɓa ke tara yawa abin mamaki ce. A ƙasashe masu ɗumi macen ba ta bukatar namiji, ba ta kuma yin ƙwai: 'ya'ya take haifa da ransu, mata zalla, kowace da tata haihuwar ta riga ta fara ƙulluwa a cikinta. Wani masani ɗan Jeniba, Charles Bonnet, shi ne ya tabbatar da wannan a 1740, bayan ya killace darɓa ɗaya tun daga haihuwarta ya ga ta hayayyafa ita kaɗai. 'Yar da aka haifa yau takan yi saɓa sau huɗu, cikin mako guda zuwa kwana goma ita ma ta fara haihuwa. Ke nan daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu zuriya da dama sun bi juna, kowace tana ninka ta gabanta. Idan wuri ya cika ko shuka ta fara tsufa, sai su haifi masu fiffike, iska ta ɗauke su zuwa wata gona. Da haka suke shigowa tun farko: 'yan ƙalilan masu fiffike su sauka, galibi a gefen gona.

Ɓarnar tata hawa biyu ce. Tsotson yana sa fure ya bushe, 'ya'ya su fito a tsumbure. Sannan ruwan da take sha sukari ya yi masa yawa, sai ta riƙa zubar da ragowar, wani ruwa mai danƙo da zaƙi, a kan ganye da 'ya'ya. Baƙar funfuna ta hau kan danƙon ta ɓata launi. A kasuwar kusbara kuwa launi kuɗi ne. Dillalan Ramganj Mandi sun kasa kaya daraja-daraja, daga badami mai ruwan ƙasa, zuwa wanda suke laƙaba wa sunan gaggafa, har zuwa mai sunan aku, wanda ya fi kowanne kore ya kuma fi tsada. Gonar da darɓa ta kwana a cikinta ba za ta ba da na aku ba, ko da an cika buhuna.

A Rajastan darɓa takan fara bayyana ne a cikin Janairu, lokacin da shuka ta miƙe za ta yi fure. Muddin dare na da tsananin sanyi, tafiyar hawainiya take yi. Daga bikin Makar Sankaranti, wanda ke faɗowa 14 ko 15 ga Janairu, rana takan fara ɗumi sannu a hankali, a nan ne lissafi ke juyawa. Yawanta yakan kai ƙololuwa tsakanin tsakiyar Fabrairu da farkon Maris, daidai cikar fure da ƙullin 'ya'ya. Kafin a gama bikin Holi a watan Maris zafin rana ya haura digiri 30, shuka ta fara bushewa, sai rundunar ta watse kusan da saurin da ta taru. Wannan shi ne tsarin a dunƙule, kowa ma zai iya haddace shi. Gwanin shi ne wanda ya san yadda sararin sama ke matsar da shi gaba ko baya. A lokacin sanyi akan sami wata iska da ke tasowa tun daga yankin Bahar Rum, ta ratso Iran da Afganistan da Pakistan, ta kawo wa arewacin Indiya gajimare da ɗan yayyafi, wanda manoma ke kira mahawat. Mai alkama murna yake yi da shi. Mai kusbara kuwa idan ya ga sama ta lulluɓe kwana da kwanaki, dare ya yi ɗumi, iska ta kwanta, ya san darɓa ta samu abin da take so, farar funfunar ganye ma haka. Sai ya ƙara yawan zagayensa. Ruwa mai ƙarfi kuma akasin haka yake yi, yakan kakkaɓe su ƙasa ya ba gona hutu na ɗan lokaci.

Zagayen nan shi ne zuciyar aikin, kuma yana da ƙa'ida. Da safe ake yin sa, bayan raɓa ta ɗan ɗaga. Gwani ba ya tsayawa a bakin gona ya yi hange, domin gonar kusbara mai fure daga nesa fara ce fat mai ɗan ja-ja, ba ta nuna komai. Shiga yake yi, ya ratsa ta a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, yana tsayawa nan da can, kuma ba ya zaɓen shukar da ta ja idonsa don kada idon ya yaudare shi. Sai ya durƙusa, ya kama laimar fure tsakanin yatsu biyu ya juya ta, don darɓa a ƙarƙashi take taruwa, inda siraran sandunan fure suka haɗu. Ya ɗan buga ta a kan tafin hannu ko farar takarda ya ga abin da ya zubo. Yana duba masu fiffike ne ko marasa fiffike: masu fiffike a farkon lokaci baƙi ne da suka sauka jiya ko shekaranjiya, amma a ƙarshen lokaci alamar masu shirin tashi ne. Yana duba ɓawon saɓarsu, fari-fari, da ke manne a ganyen ƙasa. Ya shafa ganye ya ji ko yana danƙo. In ya ga tururuwa na hawa da sauka a kan kara, ya san akwai abin da take bi, domin ruwan zaƙin nan take sha, har takan tsare darɓar daga masu cin ta. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma idon da ya shekara yana wannan aiki yana bambance laimar da ke ɗauke da darɓa goma da mai ɗauke da ɗari ba tare da ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne kwatanci. Ƙidayar yau ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an jera ta da ta makon jiya. Darɓa talatin a kan laima, in makon jiya biyar ce, labari ne mai tayar da hankali. Talatin ɗin nan kuma, in makon jiya sittin ce, albishir ne.

A nan ne ake zuwa ga ɓangaren da na fi ƙauna a wannan gwaninta, wato ƙidayar abokai. Furen kusbara a buɗe yake, ruwan zumarsa ba ya da zurfi, don haka duk wani ƙaramin ƙwaro mai gajeren baki yana iya sha. Shi ya sa a wasu ƙasashe ake shuka ta da gangan a gefen gonakin kayan lambu don ta jawo ƙwari masu amfani. A gonar kusbara su ma suna da nasu lokacin, kuma kullum a bayan darɓa suke zuwa, da tazarar mako guda ko biyu, domin sai abinci ya samu mai ci ke hayayyafa. Akwai jan ƙwaron nan mai ƙoƙon baya da baƙaƙen ɗigo bakwai, da ɗan'uwansa mai zanen igiya-igiya a fiffike. Babba ɗaya yakan cinye darɓa gommai a rana. Ƙwansa rawaya ne, a tsaye a jere a ƙarƙashin ganye, tsutsarsa kuwa baƙa-baƙa ce mai ɗigon ruwan goro, doguwa mai ƙafa shida, ba ta yi kama da iyayenta ko kaɗan ba. Wanda bai sani ba yakan ɗauke ta maƙiyiya ya yi mata feshi, alhali ita ce ta fi kowa yi masa aiki. Akwai wani ƙuda mai zanen rawaya da baƙi da ke tsayawa cak a iska a kan fure. Shi ruwan fure yake sha, amma tsutsarsa, wata 'yar koriya marar ƙafa, takan soki darɓa ta ɗaga ta sama ta tsotse. Akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsin dangin zanzaro da ke saka ƙwai a cikin jikin darɓa. Bayan 'yan kwanaki sai a ga ta kumbura, ta bushe, ta koma ruwan ƙasa tana manne a kara. Manomin da ya ga irin waɗannan busassun gawarwaki da yawa ya san rundunar ta fara ruɓewa daga ciki.

Sai ƙudan zuma. Kusbara tana ƙulla 'ya'ya da kyau ne idan ƙwari sun kai garin fure daga wannan zuwa wancan, domin a furenta ɓangaren namiji yana riga na mace nuna. A Rajastan ƙaramar zumar daji mai yin saƙa ɗaya a cikin ƙaya tana cikin masu yawan zuwa, ga babbar zumar da ke rataya saƙarta a dogayen itatuwa da duwatsu, ga kuma masu kiwon zuma da ke kwaso akwatunansu a mota daga gonakin mastad idan furensa ya ƙare su jera a gefen kusbara. Daga hantsi zuwa bayan azahar gonar ƙugi take yi.

To ga inda gizo ke saƙar: makon da darɓa ta fi yawa shi ne makon da zuma ta fi yawa, shi ne kuma makon da masu cin darɓa ke ƙoƙarin cim mata. Duk a kan laimar fure ɗaya suke. Wanda ya firgita ya goya famfo da tsakar rana ya zuba magani mai kashe komai, zai ga gona ta yi tsit, ya ɗauka ya yi nasara. Amma ya kashe masu ƙulla masa 'ya'ya, ya kashe masu gadinsa. Darɓar da ta tsira a cikin lungun fure za ta dawo cikin kwana goma, masu cin ta kuwa sai sun yi makonni kafin su farfaɗo. Zuwa na biyu yakan fi na farko muni, yawan feshi da magani iri ɗaya kuma yana haifar da zuriyar da maganin ba ya ji. Kada a manta kuma kusbara abin ci ce, kuma ƙasashen da ke sayen kayan yajin Indiya, musamman na Turai, suna auna ragowar magani a cikin kaya su mayar da wanda ya wuce ƙa'ida.

Gwani yana da matakai kafin ya kai ga wannan. Tun farko ba ya cika wa gona takin yuriya, don ya san shuka mai laushi da yawan ruwa ita darɓa ta fi so. Yakan kafa allunan rawaya masu danƙo a kan sanduna, saboda darɓa mai fiffike launin rawaya ke jan ta, allon kuma yana gaya masa ranar da baƙin suka fara sauka. In ya tarar da 'yan tsirarun shuke-shuke a gefe sun cika, sai ya karye kawunan ya fitar da su daga gona. In abin ya fara hawa kafin fure ya buɗe sosai, ga darbejiya, wadda asalinta ma daga can ne aka kawo mana ita: a daka ƙwayar 'ya'yanta, a jiƙa giram 50 a kowace lita ta ruwa ta kwana, a tace, a sa ɗan sabulu a fesa. Ba ta kashewa nan take, tana hana ci da girma ne, don haka sai an yi ta da wuri take amfani. In kuma ƙidaya ta nuna darɓa na ninkawa, abokai ba su iso ba, hasashen yanayi kuma na cewa gajimare zai ci gaba, to yakan yi feshin magani, bai ɗauki hakan abin kunya ba. Sai dai da yamma liƙis yake yi bayan zuma ta koma gida, ya sanar da mai akwatunan zuma tun da wuri, wani lokaci ma gefen da abin ya fi ƙamari kawai yake fesawa ya bar tsakiya. Akwai kuma shekarar da zai duba ya ga 'ya'ya sun fara tauri, tsutsar jan ƙwaro ta cika ko'ina, zafi na tafe nan da mako guda, sai ya rataye famfonsa ya bar Maris ta ƙarasa aikin. Ni dai ban san wata shawara a noma da ta fi wannan bukatar ƙarfin zuciya ba, domin mutum yana kallon ƙwari a kan dukiyarsa, maƙwabta na feshi dama da hagu, shi kuma ya tsaya a kan abin da ƙidayarsa ta gaya masa.

Masana ma sun bi wannan hanya da alƙalami. A 1959 wasu masana huɗu a Kalifoniya ta Amurka, Stern da Smith da van den Bosch da Hagen, suka fitar da ra'ayin cewa akwai wani mizanin yawan ƙwaro wanda ƙasa da shi feshi asara ne, kuma wata darɓa ce ta ciyawar dabbobi ta kai su ga wannan tunani. A Indiya kuwa an kafa cibiyar bincike ta ƙasa kan kayan yaji masu ƙwaya a Tabiji kusa da Ajmer a shekarar 2000, ga kuma tsohuwar kwalejin aikin gona ta Jobner da ta fitar da ire-iren kusbara da dama da ake shukawa a jihar Rajastan. Yadda suke nazarin abin yana da sauƙin fahimta. Ana keɓe wani fili ba a yi masa feshi ko sau ɗaya. An raba shekara mako 52 masu lamba, na farko daga 1 zuwa 7 ga Janairu, don a iya kwatanta wannan shekara da waccan. Kowane mako sai a ƙirga darɓa da masu cin ta a kan shuke-shuken da aka ɗaura wa alama, a rubuta kusa da su zafin rana da sanyin dare da laimar iska da ruwan da ya sauka. Bayan 'yan shekaru sai a ga tudu biyu a kan takarda, na darɓa a gaba, na jan ƙwaro yana biye. Sakamakon yana isa ƙauyuka ta cibiyoyin koyar da manoma na gundumomi, waɗanda aka fara kafawa a ƙasar a 1974. Amma a gaskiya takardar masani matsakaicin yanki take bayarwa. Gonar da ke cikin kwari kusa da magudanar ruwa da wadda ke kan tudu mai iska suna iya bambanta da mako guda cur, kuma mai gonar ne kaɗai zai iya cike wannan giɓi.

Akwai wani maƙiyi da duk wannan zagaye ba ya nuna shi a sauƙaƙe, kuma a kansa ake gane wanda ya ƙware da gaske. Wani ɗan baƙin ƙwaro ne dangin zanzaro, masana na kiran sa Systole albipennis, girmansa kamar milimita 2. Lokacinsa yana zuwa ne a ƙarshen na darɓa, sa'ad da fure ya kaɗe 'ya'ya suka ƙullu suna da taushi. Macen takan soki ɗanyen ɗan kusbara ta saka ƙwai a ciki ta tafi abinta. Tsutsar ta ƙyanƙyashe a ciki, ta cinye cikin ƙwayar, ta girma a nan, ɓawon waje kuwa lafiya lau. Wasu sukan huda su fita tun a gona, wasu kuma sai an yi sussuka an zuba a buhu an kai sito sannan su fito, mai kaya ya buɗe ya tarar da ƙananan baƙaƙen ƙwari da 'ya'ya masu ɗan rami zagayayye kamar hujin allura. Wanda ya sani ba ya jiran wannan rana. Yakan tsinki 'ya'ya daga wurare daban-daban tun suna kore, ya tsaga su da farce gida biyu ya duba. Lafiyayye cikinsa cike yake, fari mai ɗan tauri. Wanda aka shiga kuwa za a ga wata 'yar farar tsutsa a lanƙwashe a inda ya kamata abinci ya kasance. Irin wannan ƙwaya ba ta da nauyi a ma'auni, kuma in aka shuka ta ba za ta tsira ba. Tun da tsutsar na iya kwanciya a cikin ƙwaya ta jira wata shekara, mai hankali ba ya ajiye iri daga gonar da abin ya kama, ba ya kuma barin zubabbun 'ya'ya da tsiron sa-kai a gona su zame mata gida. Shukar baya ita ce ta fi shan wahala a nan ma, abin da ya sake mayar da magana kan ranar shuka.

Girbi yakan zo tsakanin ƙarshen Fabrairu da Maris, lokacin da kusan rabin 'ya'yan suka fara juyawa daga kore. Da safe ake yanka don kada su zube, mai neman launin aku kuma a inuwa yake shanyawa. A sito wasu ƙwari ne ke karɓar aiki, musamman ɗan jan ƙwaron da aka fi sani da ɓarnar ganyen taba, wanda shi lokacinsa zafi da laimar damina ne, daga Yuni zuwa Satumba. Maganinsa na farko bushewa ce sosai, da tsabtar sito, da ɗora buhuna a kan katako nesa da bango.

Kusbara ba ta cikin manyan amfanin gonarmu, ko da yake 'yan'uwanmu na Sudan sun san ta sosai a tukunya. Amma mai kabeji da mai tumatir da mai albasa da mai wake a fadamunmu kowa yana da baƙin da ke zuwa masa a kan lokaci, tsakanin hunturu da bazara, kuma da yawa daga cikinmu sai ɓarna ta bayyana muke rugawa shagon magani. Kai mai noman rani, bana ka sayi ƙaramin littafi na 'yan makaranta. Ka zaɓi rana ɗaya a mako, ka shiga gonarka da safe, ka juya ganyen shuka ashirin, ka rubuta abin da ka gani na maƙiyi da na aboki, da yadda garin ya kwana. In ba ka rubutu, ka sa yaronka ya riƙe maka alƙalamin.